Ludayi Huɗu a Hanya ta Bakwai

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Likitan gidan kula da tsofaffi ya yarda. Kwana uku, ba ƙari, kuma kafin sanyi ya kankama. Ya ce in Umma tana da inda take son gani, a kai ta bana. Bai ambaci baɗi ba, ni ma ban tambaya ba.

So take a bi da ita Hanya ta Bakwai, gefen teku, tun daga nan Busan har Ayajin inda aka haife ta. Yaya Du-man zai tuƙa, ni zan tsara hanya. Da bakinsa ya raba aikin, a waya, da muryar nan tasa ta mutumin kirki: "Ke kika iya taswira, Ok-ran. Duk inda kika ce nan za mu bi."

Duk inda na ce. Madalla.

Na ba barkono ruwa.

Talata, 14 ga Oktoba, da la'asar

Na sayo taswira babba da jan biro. Na share teburin cin abinci na shimfiɗa ta, na danne kusurwoyin da kwanuka.

Shekara sittin da ɗaya ina ƙanwarsa, babu abin da ban sani ba game da jikin mutumin nan. Gwiwarsa ta hagu ta lalace tun yana soja. Ba ya iya leƙa ƙasa daga bene hawa uku. In ya ci kaguwa leɓensa kumbura yake. Ga sabuwar motar nan fara mai kujeru ruwan madara, wadda ko alewa ba a tsotsa a cikinta.

Gandun daji uku na zagaye da ja: Juwang, Odae, Seorak. Kowanne da dutsensa, kowane dutse da matakalarsa. Na Seorak kaɗai sun haura ɗari takwas, na ƙarfe ne, ana hango ƙasa ta tsakaninsu. Rabon da in ci abinci da daɗi irin na yau tun kafin a kwantar da ni a asibiti.

Alhamis, 16 ga Oktoba, tsakar rana

Ba zan rubuta maganar tsakar gida ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Umma a Gijang ɗauko mata rigar sanyinta mai ruwan toka. Ɗaki kawai na yi niyyar shiga in fito.

Zobe goma sha ɗaya ne a kan siminti, inda gindin randunan ya zauna shekara da shekaru. Na tsaya na ƙirga su sau biyu kamar wata sakarya. Na kusurwa shi ne na uwar randa, wadda kakar Umma ta fara, wadda duk shekara ake ɗibar iri a cikinta a haɗa da sabon ganjang, wato ruwan daddawar waken suya, a mayar mata da wani. Ba a taɓa ganin gindinta ba tun da nake.

Tsohuwar maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga.

"Ke ce, Ok-ran? Ya jikin? Kin ga aikin ɗan'uwanki ko?"

"Na gani, Inna."

"Kwana uku lungun nan yana ƙamshi. A lambatu fa 'yan dakonsa suka tuttular, wai sun yi nauyi ba za su ɗauku a mota ba. Na fito da kwano a guje, na ce ku tsaya don Allah, ko cokali ɗaya. Kafin in zagayo an gama. Shi yana tsaye da waya a kunne, ya ce mini, Inna ruwan daddawar waken suya ne fa, kowane kanti akwai shi."

Kwana tara na yi a asibiti. A cikin kwana taran ya kai Umma gidan tsofaffi, ya kwashe gidan. An cire mini maɗaciya, amma ɗacin yana nan daram.

Na ce ba zan rubuta ba. Ga shi na rubuta.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da hantsi

Umma tana zaune bakin taga, an taje mata kai. Ta rame. Ta ɗanɗani miyar da suka kawo mata ta ture kwanon. "Gishiri da ruwa," ta ce. Na zaci yanzu za ta ce in ɗebo mata daga gida. Ba ta ce ba. Ba ta sani ba, kuma wannan matsoracin ba zai taɓa gaya mata ba.

Ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashi, bayan kalanda ce ta yage. Suna uku da rubutunta mai rawa: Pil-nam a Ganggu, Mak-rye a Jukbyeon, Gap-sun a Ayajin.

"Nan za a tsaya."

"Umma, dajin Juwang ya yi ja yanzu, ba kya son ganin ganye?"

"Na ga ganye sau tamanin da huɗu. Ki dai sa su a takardarki."

Gwaggo Gap-sun ƙanwarta ce, wannan dole. Sauran biyun ƙawayenta ne na zamanin da suke shanya kifi tare, na ga ɗaya sau ɗaya ina ƙarama, ɗayar ko fuskarta ban sani ba. Tsofaffi su zauna su ƙirga waɗanda suka mutu, rana ta faɗi a banza.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na yi ta juya lokaci bai isa ba. In an tsaya gidan Pil-nam, an rasa dutsen Juwang. In an tsaya gidan Mak-rye, ba za a kai Seorak da sauran rana ba. Na ja layi a kan sunaye biyun. Zan ce wa Umma wayarsu ba ta shiga. Ban gwada ba, amma ina ganin ba za ta shiga ba.

A Ganggu dai za mu ci abincin rana, gidan da ba a sayar da komai sai kaguwa. Ya ci shinkafa gaya.

Abin da ya fi duka shi ne Ayajin. Gwaggo Gap-sun za ta tara dangi, haka take, ko kaza ta zo baƙunta sai ta tara mutane. Bayan an ci, an kawo 'ya'yan itace, zan ajiye tsinken cin abincina in ce, "Yaya, gaya wa Gwaggo inda uwar randa take." Shi ke nan. Gwaggo za ta ƙarasa sauran, bakinta ya fi nawa kaifi.

Umma za ta ji a wurin. Na sani. Ai dole wata rana ta ji, kuma ba ni na zubar ba.

Na ba barkono ruwa. Ya yi 'ya'ya bakwai, biyu sun fara ja.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

Ya kira.

"Ok-ran, na ga abin da kika turo. Wannan dutsen na Seorak, lallai sai an hau?"

"Umma ce ta ce a ɗora wa Baba dutse a can sama. Kai ne babban ɗa. In ba za ka iya ba, faɗa mini in gaya mata."

Ina jin numfashinsa.

"Zan hau."

"Ka ɗauko hoto, tana son gani."

Umma ba ta ce komai game da Baba ba. Baba ma da ransa bai taɓa hawa abin da ya fi rufin ɗaki tsayi ba. Da na ajiye wayar na yi dariya har ɗinkin cikina ya motsa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da safe

Zobe goma sha ɗaya.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai wa Umma kunun kabewa. Ta tambaya ko na samu Pil-nam. Na ce ina kan nema. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Kin ƙara ƙiba a fuska. Wani abu na yi miki daɗi kwanan nan."

A motar haya na yi ta maimaita maganata ta Ayajin. Na gwada da "Yaya", na gwada da sunansa tsirara. Da "Yaya" ta fi zafi. Wata mata kusa da ni ta tashi ta canja kujera.

Talata, 28 ga Oktoba, tsakar rana

Ya zo har gida da kwalin 'ya'yan itacen kaki, dangin kanya. Hawa biyar, gidanmu ba lif, na ji shi yana tsayawa a kowane hawa yana hutawa. Na bar shi ya ƙwanƙwasa sau uku.

Ya zauna a bakin kujera bai cire hula ba. Ya tsufa, wuyansa duk ya saki. Ya kalli taswira da jan biron da ya cika ta.

"Maganar gidan nan, Ok-ran, akwai abin da ba ki sani ba. Lokacin da Umma ta faɗi a banɗaki…"

"Shayi ko ruwa?"

"Ki bari in…"

"Shayi ko ruwa, Yaya?"

Ya ce ruwa. Ba na son dalilinsa. Du-man tun yana yaro yake da dalili, in ya fasa kwano ma ƙasa ce ta yi santsi. In na saurara zai iya zama dalili mai kyau, ni kuma na riga na kama mana ɗaki a Sokcho.

Da zai fita ya tsaya a baranda yana kallon barkonona. Na ce ya yi a hankali da matakala, ya adana gwiwar.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da la'asar

An ce ranar Laraba za a yi iska a Seorak. Ina ma ta ƙaru.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Zan dai rubuta yadda aka yi.

Na kai wa Umma takardar tafiya, na karanta mata tun daga farko. Ta saurara ido rufe. Da na gama ta ce, "Ina Pil-nam? Ina Mak-rye?"

"Lokaci ba zai isa ba, Umma."

"To me za mu je yi?"

"Ganin teku mana, da dazuka."

"Ke, Ok-ran. A teku aka haife ni, zan bar gadona in je kallon ruwa? Iri zan je karɓowa."

Na ajiye takardar a cinya.

"Yayanki ya zo tun satin farko. Ya durƙusa nan inda kike tsaye, da gurguwar gwiwar tasa, ya faɗa mini abin da ya yi. Na jefe shi da kofin nan, kin ga inda ya lotsa. Kwana huɗu ban yi masa magana ba. Rana ta biyar na zauna na yi tunani. Mutum huɗu na taɓa ɗebar wa daga uwar randa. Pil-nam da za ta yi aure, Mak-rye da gobara ta cinye mata gida, Gap-sun da ta koma arewa. In suna raye, irin yana raye. Ludayi ɗaya-ɗaya za su mayar mini, in haɗa."

Na ce, "Uku kika lissafa."

"Ta huɗun ai ba sai na rubuta ta ba. Ba ni na ɗora miki ɗan tulu a cinya ranar da aka kai ki ba? Naki za mu fara ɗiba, tunda ya fi kusa."

Na ce a bar nawa sai mun dawo, kada ya sha jijjiga a hanya. Ta ce to. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce to ɗin.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da safe

Ban ba barkono ruwa ba. Na zauna a baranda ina kallon tulun da barkonon yake ciki.

Shekara uku na farko ina buɗe shi a rana, ina goge bakinsa. Daga nan aka haifi yara, aka shiga aikin kanti, na kwalba kuma ya fi sauƙi. Ranar da na tuna da shi na ɗaga murfi, babu komai sai baƙin gishiri ya daskare a gindi. Na kankare na zubar. Na kai wa mai gyaran famfo ya huda mini gindin, don ruwa ya riƙa fita.

Ba ɗaya ba ne. Shi a rana ɗaya ya yi, da gangan, da 'yan dako. Ni mantuwa ce. Ba ɗaya ba ne.

Na kira Ganggu, bugu biyu aka ɗauka. Ta Jukbyeon ce ba ta shiga da gaske. Na ɗauko sabuwar takarda na fara daga farko, da baƙin biro.

Talata, 4 ga Nuwamba, Ganggu, da yamma

Mun tsaya a Juwang awa ɗaya, hanyar ƙasa kawai, mai laushi, har bakin ruwan da ke zubowa. Du-man ya tura keken Umma, ganye na faɗo mata a cinya tana tarawa, ita da ta ce ta gaji da ganye.

Inna Pil-nam ta rankwafa har ta kusa ninkewa biyu. Da suka haɗa ido da Umma ba wadda ta gaishe da wata. "Ke, ba ki mutu ba?" "Ina jiranki ki fara." Sai kuka. Ta kai mu bayan ɗaki, ta goge murfin randa da gefen zaninta, ta buɗe. Ƙamshin tsakar gidanmu ne sak. Umma ta tsoma ɗan yatsa ta lasa, ta gyaɗa kai.

Ludayi ɗaya aka roƙa, uku ta zuba. Umma ta hana a sa ɗan tulun da muka zo da shi a bayan mota, sai a kujerar gaba, a ɗaura masa bel. A kwanar farko ya ɗan fantsalo a kan kujera mai ruwan madara. Du-man ya kalla, ya ci gaba da tuƙi. Wannan ba ya cikin tsarina, amma na karɓa hannu biyu.

An ci kaguwa. Inna Pil-nam ta soya masa ƙwai, ta ɓata mini shiri.

Laraba, 5 ga Nuwamba, Sokcho, ƙarfe biyar

Mak-rye ta rasu tun sanyin bara. Gidan a kulle, ciyawa har gwiwa. Na leƙa ta katanga: randunan suna nan a kife, an jera su. Umma ba ta sauko daga mota ba. Ta ce, "Mu je." Daga Jukbyeon har Donghae teku na hannun damanmu, shuɗi kamar an wanke shi, ba wanda ya kalla.

Can ta ce, "Ba komai. Saura Gap-sun da Ok-ran."

A ƙofar Seorak Du-man ya ɗaure gwiwa, ya ɗauki sanda, ya tsinci wani ɗan dutse ya sa a aljihu. Umma ta ce, "Ina za ka?" Ya ce zai ɗora wa Baba dutse kamar yadda ta ce. Ta juyo ta kalle ni. Na duƙa ina gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Ubanku da ko tsani ba ya hawa? Ajiye dutsen nan a gindin bishiya, ka zo ka saya mini dankalin gashi."

Bai kalle ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, Ayajin, bayan abincin rana

Gwaggo Gap-sun ta tara mutum goma sha huɗu. Ta cika mana tulun har wuya, ta ɗaure bakin da ƙyalle. Aka ci, aka kawo 'ya'yan itace. Ban ma ajiye tsinkena ba ta riga ni, ta juya ga Umma.

"To, Yaya, ban gane ba. Randa goma sha ɗaya, ki zo nan kina bara da ludayi? Wane mara kunyar ne ya yi wannan aika-aikar?"

Du-man ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja, ya fara gyara zama zai durƙusa. Sati uku ina jiran wannan lokacin. Maganar tana bakina, da "Yaya" da komai.

Na ji kaina ina cewa, "Mu biyu ne, Gwaggo. Shi ya zubar da na gida. Ni kuma wanda aka ba ni ranar aure na bar shi ya bushe. Barkono ne a tulun."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Barkono!"

Umma ba ta ko ɗago ba, tana ɓare lemo. "Shekara ashirin ina cin barkonon nan, Gap-sun. Duk kaka take kawo mini a leda. Ni na zaɓi tulun a kasuwa, kina ganin ba zan gane shi a baranda ba? Jira nake ta faɗa da bakinta. Shi kwana shida ya ɗauka."

Ta raba lemon biyu, ta miƙa masa rabi, ta miƙo mini rabi. Gwaggo ta wanke mu tas, mu biyu, har shayi ya huce. Abin da na tanadar masa sai da na sha rabinsa, kuma na fi shi jin zafi don nawa ya zo da dariyar mutane.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Mun mayar da Umma jiya. Kafin ta shiga ta yanke hukunci a bakin mota. Tulun zai zauna a barandata. Bayan sabuwar shekara za a dafa wake, a haɗa sabo, a zuba masa irin. Ta ce sai ya shekara uku kafin ya koma namu, kafin nan na Pil-nam da Gap-sun ne. "In ya kai, ku ɗanɗana ku gani," ta ce. Ku, ta ce. Ba wanda ya gyara mata.

Na yi kuka a motarsa har unguwarmu Yeongdo. Motar warin daddawa take, ya kai ta wanki bai fita ba.

Ban yafe masa ba, kuma har yau ban tambayi dalilinsa ba. Amma Umma ta ce ɗauko wake da gishiri da sabuwar randa aikin babban ɗa ne, shi da kansa, ba 'yan dako ba. Ɗazu na sauka har ƙasa na hawo ina ƙirgawa. Matakala saba'in da shida ne. Ba su kai ɗari takwas ba, amma duk shekara zai hau.